Ɗan kasuwa, wa zai riƙe maka lissafin haraji?

Ƴan'uwa ƴan kasuwar Matamaye da kewaye, maza da mata, wannan bayani naku ne.

Ƙasarmu ƙasar ciniki ce. Rake da wake da gujiya suna fita daga gonakinmu. Shinkafa, sukari, sabulu da atamfa suna shigowa. Hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Matamaye, ta bi ta Ɗan Barto, ta nufi Daura da Kano. Inda ciniki yake akwai haraji, wanda muke ce ma lampo. Inda haraji yake kuwa akwai takardu. A shekarar 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu da Faransanci ake cika takardun haraji. Ga kuma lambobi birjik a cikinsu.

Shi ya sa ƴan kasuwa da yawa suke neman wanda zai riƙe masu lissafi. A ofis ana ce ma wannan mutum kwantabul. A Najeriya ana ce masa akanta. Mu a nan za mu kira shi mai lissafi.

Zaɓen mai lissafi ba abin wasa ba ne. Na ƙwarai zai tsare maka dukiyarka. Na banza zai jawo maka tara, har ma a rufe maka shago. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe tun farko: hukuma kai ta sani. Sunanka ne a kan takarda. In mai lissafi ya yi kuskure, kai za a nema. In ya ci kuɗin haraji, kai ake bi bashi. Saboda haka, ka zaɓi wanda zai sa ka gane lissafinka da kanka.

Don mi ake bukatar lissafi?

Tsofaffinmu sun san kuɗin kai. Tun zamanin Nasara ake biyansa. A ƙirga mutanen gida, maigida ya kai kuɗi wurin maigari, shi ke nan. Wannan ba ya bukatar wani dogon lissafi. A shekarun 1970, zamanin Saini Kunce, gwamnati ta soke kuɗin kai na ƙasa. Abin da ya rage shi ne wanda ake biya ma ƙaramar hukuma.

Harajin kasuwanci dabam yake. Cinikinka ake dubawa. Mai babban ciniki ya biya da yawa, mai ƙarami ya biya kaɗan. To, yaya ma'aikacin haraji zai san girman cinikinka? Ta abin da ka rubuta. In ba ka da rubutu, doka ta ba shi izini ya ƙiyasta da kansa. Zai dubi girman shago da yawan kaya, ya yanke. In ya aza maka fiye da ƙarfinka, da mi za ka yi gardama? Baki kawai ba ya zama shaida.

Riƙon lissafi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A shekarun 1960, lokacin da gujiya take tashe, ƙungiyar UNCC, wadda aka kafa a 1962, ta koya ma manoma su riƙe sikeli da kaye da kansu a kasuwannin koperatif. Manomin da ya iya karanta sikeli ba a cutarsa wajen awo. Haka ɗan kasuwar da ya iya karanta kayensa ba a cutarsa wajen haraji.

Fara duba girman kasuwancinka

Ba kowa ke bukatar mai lissafi ba. Ƴan kasuwa kashi uku ne.

Kashi na ɗaya, masu ƙaramar sana'a: mai tebur, mai ƙuli-ƙuli da man gujiya, mai saida rake a bakin tasha. Mafi yawansu tikitin kasuwa suke biya ma ƙaramar hukuma. Waɗannan ba sai sun ɗauki kowa ba. Kaye guda da alƙalami sun ishe su. Su dai adana tikitinsu.

Kashi na biyu, masu shago da masu sana'ar hannu: tela, mai injin niƙa, mai walda, mai gyaran babur, mai kantin kayan masarufi. Su ana aza masu haraji a dunƙule, wanda ya haɗa haraji iri-iri wuri guda. Dokar haraji ta 2012 ta sa masa suna impôt synthétique. Jama'a kuwa patanti suke cewa. Cinikin shekara ake dubawa a aza shi. Waɗannan suna bukatar kaye mai kyau, da wanda zai duba masu shi jefi-jefi, ya taya su cika takarda.

Kashi na uku, manya: mai kamfani, mai loda wake a manyan motoci, mai gidan mai, mai neman kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji. Su bisa ainihin ribar da suka ci ake lissafa harajinsu. A takarda sunan wannan tsari régime réel. A kai a kai suna kai bayani ofishin haraji. Suna karɓa ma gwamnati harajin TVA a kan kayan da doka ta aza ma shi. Ga mafi yawan kaya, TVA kashi 19 ne cikin 100.

Ga misali. Kafinta ya yi kujerun makaranta na tamma 100.000. A takardar saye zai rubuta 119.000. Wannan 19.000 ajiyar gwamnati ce. Zai cire TVA ɗin da shi ma ya biya wajen sayen katako da ƙusa, ya kai sauran ofis. In ya cinye ta, ya ci bashi. Tun 2021 ana bukatar irin waɗannan ƴan kasuwa su ba da takardar saye mai shaidar ma'aikatar haraji, wadda na'ura ke bugawa. Ƙarshen shekara kuma su yi cikakken lissafin dukiya. Wannan aiki sai da gwani.

Iyakar da ta raba kashi na biyu da na uku tana cikin doka. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara tana iya canza ta. Kada ka dogara da jita-jitar tasha. Ka tafi ofishin haraji mafi kusa ka tambaya. Babban ofishin jiharmu yana Damagaram. A ma'aikatar haraji ne kuma ake ba da NIF, lambar da hukuma take gane kowane mai biyan haraji da ita. Tambaya kyauta ce, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Su wa ke aikin lissafi?

Na ɗaya, ɗan gida: ɗanka, ƙanenka, ko ɗiyarka da ta yi makaranta. Zai iya rubuta maka shiga da fita kullum. Wannan taimako ne babba. Amma iya rubutu dabam, sanin dokar haraji dabam. Ya riƙe kaye, a bar ma masani cika takardun hukuma.

Na biyu, wanda ya yi karatun lissafi, ka ɗauke shi aiki a shagonka, kana biyansa albashi. Ka nemi ganin takardar shaidar karatunsa. Ka tuna, ɗaukar ma'aikaci yana da nasa nauyi. Sai ka yi masa rajista a CNSS, asusun ma'aikata, ka kuma kula da harajin albashi.

Na uku, gwanin da ya buɗe ofishin kansa, yana yi ma mutane da yawa aiki. Masu wannan sana'a suna da ƙungiya, sunanta ONECCA. Dokar 2003 ce ta kafa ta a Nijar, bisa umurnin da UEMOA, haɗin ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta bayar a 1997. Ƙungiyar tana da jerin sunayen mambobinta. Wanda ke cikin jerin ne kaɗai doka ta yarda ya kira kansa expert-comptable ko comptable agréé. Dole ne ya riƙe sirrinka. In ya cuce ka, akwai inda za ka kai ƙara, ƙungiya kuma tana iya hukunta shi, har ta cire sunansa. Mafi yawan ofisoshin nan a Yamai suke, ladansu kuma yana da nauyi. Ɗan kasuwar kashi na uku ne ya fi bukatarsu.

Na huɗu, cibiyar taimakon ƙananan ƴan kasuwa, wadda ake kira CGA. Ita ma UEMOA ce ta tsara ta a 1997. Ɗan kasuwa ya shiga, ya riƙa biyan kuɗin zama mamba. Cibiya ta riƙe masa lissafi, ta cika masa takardun haraji, ta ba shi shawara. Manufarta ita ce wanda bai da ƙarfin biyan babban ofis shi ma ya samu gwani. Mai son shiga ya tambayi zauren ƴan kasuwa, Chambre de Commerce, reshen Damagaram. Su za su nuna masa wadda ta fi kusa.

Ma'aikacin haraji fa? Ka tambaye shi bayani, aikinsa ne ya ba ka. Amma kada ka ɗauke shi mai riƙe maka lissafi da lada. Mai duba lissafi ba ya zama mai rubuta shi.

Kafin ka nemi kowa, sayi kaye

Mai lissafi kamar mai injin niƙa ne. Abin da ka kai masa shi zai niƙa. In ka kai hatsi mai tsakuwa, gari mai tsakuwa za ka samu. Hatsinka shi ne kayenka da rasidanka.

Doka ma haka ta ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na Afirka masu bin dokar kasuwanci guda, ta OHADA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1993. Dokarta ta 2010 ta ce ƙaramin ɗan kasuwar da ya yi rajista da sunan entreprenant ya rubuta kowace rana abin da ya shigo da abin da ya fita, ya adana littafin aƙalla shekara 5. Dokar lissafi ta 2017, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2018, ta yarda ma ƙanana da tsari mai sauƙi na shiga da fita. Ya shafi mai saye da sayarwa wanda cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba. Ga mai sana'ar hannu miliyan 40 ne. Ga mai yi ma mutane hidima miliyan 30. Waɗannan iyakoki na yadda ake riƙe littafi ne, na haraji dabam suke. Masu bin wannan doka ta 2017 suna adana littattafai da takardun shaida shekara 10.

Yaya ake riƙe kaye? Ka raba shafi gida huɗu: rana, bayani, shiga, fita. Misali:

3 ga Maris, cinikin yini, shiga 21.000
3 ga Maris, katan ɗin sabulu, fita 9.000
3 ga Maris, kuɗin mota daga Damagaram, fita 1.500
3 ga Maris, cefanen gida, fita 2.000

Ka kiyaye abu huɗu.

Na ɗaya, ka rubuta da tamma. A kasuwa da dala muke ƙirga. A ofis da tamma ake ƙirga. Dala ɗaya tamma 5 ce. Dala 200 ita ce jikka ɗaya, wato tamma 1.000. In ka saida kaya na dala dubu biyu, tamma 10.000 za ka rubuta. In ka rubuta 2.000, ka rage ma lissafi kashi huɗu cikin biyar. In ka cakuɗa dala da tamma a shafi guda, babu gwanin da zai iya warware shi.

Na biyu, ka mai da naira sefa. Da yawa cikinmu a Daura ko Kano muke sari. Ranar da ka sayi kaya, ka rubuta yawan naira, da canjin ranar, da abin da ya kama a sefa. Canji yana hawa yana sauka. Bayan wata uku ba mai tunawa.

Na uku, ka raba aljihun shago da na gida. Cefane, kuɗin suna, gudummawar biki, duk ka rubuta su, amma ka nuna na gida ne. Ofishin haraji ba ya ɗaukarsu cikin ɗawainiyar kasuwanci.

Na huɗu, bashi ya samu shafinsa dabam, wanda kake bi da wanda ake binka. Rasidai kuma su samu jakarsu: takardar saye, ta haya, ta lantarki, ta duwan. Duwan dabam, haraji dabam, amma takardar duwan shaida ce ta abin da ka kashe. Ka tsare jakar daga ruwa da gara.

Ciniki dabam, riba dabam

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Mu ɗauki misali. Wani mai shago yana saida kaya na tamma 600.000 a wata. Wannan shi ne ciniki. Kayan nan ya saro su 510.000. Haya 15.000. Kuɗin mota 20.000. Yaron shago 20.000. Lantarki 5.000. Ɗawainiya ta tashi 60.000. A cire 510.000 da 60.000 daga 600.000. Saura 30.000. Wannan ita ce riba.

A shekara, cinikinsa 7.200.000 ne. Ribarsa 360.000. Wanda ya ji miliyan bakwai zai ce mai shagon nan ya yi arziki. Kaye ne kaɗai zai nuna jikka 30 yake samu a wata. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu na shagonka a kai. Da su za ka auna kowane mai lissafi.

Tambayoyi bakwai kafin ka amince

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka gana da mutum biyu ko uku kafin ka zaɓa. Ka yi ma kowane waɗannan tambayoyi.

1. Ina takardarka? In ya ce yana da ofis, ya nuna maka shaidar sunansa cikin jerin ONECCA. Ka tambaye shi NIF nasa. Wanda bai gyara takardun kansa ba, yaya zai gyara naka?

2. Su wa kake yi ma aiki? Ya ba ka sunan ƴan kasuwa biyu, ka tafi ka ji daga bakinsu. Amma ka lura. In ya fara gaya maka ribar wane da bashin wane, gobe naka zai faɗa.

3. Ka san irin sana'ata? Lissafin mai injin niƙa ba irin na mai sarin wake ba ne. Mai sarin wake cinikinsa yana tashi da kaka, ya kwanta da damina. Mai shigo da kaya yana da naira da takardun duwan. Ka nemi wanda ya saba da irinka.

4. Mi ya canza a doka? A 2025 gwamnati ta fito da sabuwar babbar dokar haraji, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, a madadin ta 2012. Mai lissafin da bai karanta ta ba, da tsohon awo yake aiki.

5. Za ka yi mani bayani da Hausa? Ka ba shi shafin wata guda na kayenka. Ya gaya maka nawa ne ciniki, nawa ne riba, wane haraji ya hau kanka, yaushe ake biyansa. In ka fito ka fahimta, alama ce mai kyau. In ya cika ka da Faransanci ka fito a ruɗe, ka nemi wani.

6. Ina zan same ka? Yana Matamaye, ko Damagaram, ko Yamai? Sau nawa zai zo a wata? Ranar da masu bincike suka zo shagonka, zai tsaya tare da kai?

7. Nawa ne ladanka, kuma na wane aiki? Rubuta kaye, cika takardar wata, lissafin ƙarshen shekara, kowane da kuɗinsa. Ya faɗa maka tun yanzu.

Wanda za ka guje ma

A bakin ofisoshi akan samu ɗan kamasho mai cewa ya san hanya. Wani ma da jaka da hatimi yake yawo. Ga alamun da za ka gane mugun mai lissafi.

Ya ce yana da mutum a ciki, ba za ka biya kome ba. Ya ce ka ba shi kuɗin haraji ya kai, rasidi sai daga baya. Ya ce ku riƙe kaye biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya na hukuma. Ya miƙo maka farar takarda ya ce ka sa hannu, zai cika. Ya ce ka yi aiki da NIF na wani, ko ka ara ma wani naka. Ya riƙe ainihin takardunka ya ƙi maido su.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka tattara takardunka ka yi gaba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Babban ɗan kasuwar da ya saida maka kaya ya rubuta abin da ka saya. Duwan ma ta rubuta abin da ka shigo da shi. Ranar da aka gwada rubutunsu da naka, ƙarya ta fito. Sai ka biya harajin da ka ɓoye, ka biya tara a kai. Aron NIF kuwa, duk cinikin da wancan ya yi, a kanka za a lissafa shi.

Akwai wata hasara kuma. Mai neman kwangilar gwamnati sai ya nuna takardar shaidar cewa ba a binsa haraji, wadda ake kira ARF. Banki ma yana son ganin lissafi kafin ya ba da rance. Wanda ya nuna ba ya cin riba don gudun haraji, da wane baki zai ce ma banki yana da ƙarfin biya?

Lada da yarjejeniya

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar gwaninta ba. Ka auna lada da ribarka. Mu koma ga mai shagon nan. In mai lissafi ya nemi jikka 10 a wata, a shekara 120.000 ke nan. Ribarsa 360.000 ce. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Wannan ya yi masa yawa. Gara ya riƙe kayensa da kansa, ya biya a duba masa shi sau uku ko huɗu a shekara. Masu shago biyar ma suna iya haɗa kai su kira mutum guda rana guda, su raba kuɗin motarsa. Amma kowa da kayensa, kowa da rasidinsa. Haka mace mai sana'a: kayenta nata ne, kada a cakuɗa shi da na maigida.

In kun daidaita, ku rubuta. Takarda ta nuna aikin da zai yi, da ladansa, da ranar da zai gama kowane aiki. Ta nuna wanda zai ɗauki tara in jinkiri daga wajensa ne. Ta nuna zai maido maka takardunka duk ranar da ka nema. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Kowa ya riƙe tasa. Ko ɗan'uwanka ne, ku rubuta. Rubutu yana tsare zumunci.

Bayan ka zaɓa, kada ka yi barci

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko ka samu gwanin gwanaye, aiki huɗu naka ne.

Ka kai kuɗin haraji da hannunka, ko ka raka wanda zai kai. Ka karɓi rasidin hukuma nan take. Ka duba sunanka, da shekara, da yawan kuɗi, da hatimi.

Ku zauna da mai lissafi kowane ƙarshen wata, ko duk ranar da ya zo. Ya karanta maka, kai ma ka karanta. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gane ba. Ka ce masa: "Malam, sake yi mani bayani." Ba abin kunya ba ne. Kai ke biyansa.

Ka san kwanakinka. Shekarar lissafi tana farawa ran 1 ga Janairu, ta ƙare ran 31 ga Disamba. Masu yin lissafin ƙarshen shekara suna da wata huɗu su kammala, wato zuwa ƙarshen Afrilu. Sauran kwanaki, mai lissafi ya rubuta maka su a bangon kayenka. Jinkiri yana jawo tara ko da lissafinka daidai ne.

In takarda ta zo daga ofishin haraji, kada ka tura ta ƙarƙashin tabarma. Ka kai masa ita ranar. In kana ganin an aza maka fiye da ƙima, doka ta ba ka damar kai kuka a rubuce, amma akwai wa'adi. In ka rufe shago ko ka sake sana'a, ka sanar da ofis, don kada haraji ya yi ta taruwa da sunanka.

Ƴan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar bincike, kayenka da rasidanka su ne za su yi magana. Mai tebur ya sayi kaye. Mai shago ya nemi mai duba masa. Babban ɗan kasuwa ya nemi gwani mai suna cikin jerin ONECCA. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta ma maƙwabcinsa na kasuwa. Ranar kasuwa mai zuwa, kowa ya buɗe shafin farko, ya rubuta cinikin yini da tamma.